Moɗar Bukuru: Tarihin Wani Farin Ƙarfe da Hannuwan da Suka Goge Shi

A ɗakin kakata da ke Bukuru akwai wata moɗa da ba a shan ruwa da ita. Mazauninta saman jere ne, tsakanin tasoshin tagulla da kwanonin sha masu zanen fure, kuma tun ina yarinya na lura ta fita daban da maƙwabtanta. Launinta toka-toka ne mai sanyin ido, tana da mariƙi a gefe guda, tana da nauyin da ya fi girmanta, ga wata 'yar lotsewa a gindinta inda aka taɓa ajiye ta kusa da murhu. Idan aka ƙwanƙwasa ta ba ta yin amo mai tsawo irin na tagulla. Sautin yakan mutu nan take. Mutanen gidanmu suna ce mata moɗar Malam, domin marigayi kakana ne ya shigo da ita gidan.

Kowace jajibirin Sallah Kaka takan sa a sauke jeren baki ɗaya a fitar da shi tsakar gida. Tagulla ana wanke ta da tsamiya, tukwane da toka, ita kuwa moɗar Malam ana haɗa mata toka da lallausan yashi, a dirje ta da soso har sai ta yi fari tas. Da na kai shekara goma aikin ya dawo hannuna. Kaka takan zauna a kan tabarma tana sa ido, tana cewa, "Kishiya, ƙara ƙarfi. Ko so kike a ce na bar kayan mijina sun yi baƙi?" Nakan ƙara ƙarfi kuwa, har ruwan wankin ya koma launin gubar dalma, ni kuma ina murna wai datti ne yake fita.

Sai a shekarar da na kammala digirina a fannin tarihi na kifa moɗar na dubi gindinta da idon mai neman shaida. Akwai tambari a wurin, wanda aka buga da ƙarfe tun ranar da aka ƙera ta. Sunan maƙerin ya riga ya shafe, sai inuwar haruffa biyu ko uku. Ƙasa da shi kuma ana iya karanta sunan birnin Shefild na Ingila, shi ma rabinsa ya tafi. A nan ne na gane cewa abin da nake zubarwa a magudana duk shekara naman moɗar ne, kuma da hannuna na taimaka wajen shafe rubutacciyar shaida guda ɗaya da take ɗauke da ita. Wannan ne ya sa na bi sawun ƙarfen, domin in san abin da nake gogewa kafin in sake ɗaukar soso.

Turawan Ingila suna kiran wannan ƙarfe fiyuta. Haɗi ne, kuma uwar haɗin ita ce kuza, wadda ta yi taushi da yawa in ita kaɗai ce, saboda haka ake ƙara mata wani abu don ta yi tauri. Fiyutar zamani takan ƙunshi kimanin kashi 92 cikin 100 na kuza, kashi 6 na sinadarin antimoni, da kashi 2 na jan ƙarfe. A zamanin da kuwa, dalma ake zubawa a mai araha. Kuza tana narkewa da zafin da bai wuce digiri 232 a ma'aunin Salshiyas ba, zafin da garwashin murhu yake wucewa ba tare da wahala ba, wanda shi ne dalilin lotsewar gindin moɗarmu. Tana da wata ɗabi'a kuma da maƙera suka sani: idan aka lanƙwasa sandarta takan yi wani ɗan ƙara kamar ana tauna yashi, har ake cewa kuza tana kuka.

Ƙarfen ya daɗe a hannun ɗan Adam. An tono wata 'yar buta ta fiyuta a wani kabari a Masar wadda masana suka ƙiyasta shekarunta da kimanin 1450 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Rumawa sun yi farantai da shi lokacin da suke mulkin Birtaniya, inda ƙasar Konwal take da arzikin kuza. Amma zamanin da ya fi tashe shi ne daga ƙarni na 14 zuwa na 17. A shekarar 1348 maƙeran fiyuta na Landan suka tsara dokokin sana'arsu, suka raba ƙarfen gida biyu: mai daraja, wato kuza da jan ƙarfe, wanda ake yin farantai da shi, da kuma na ƙasa da shi, wato kuza da dalma, na tuluna da ma'aunai. A 1474 Sarki Edward na Huɗu ya ba ƙungiyarsu takardar izini, wadda ta ba ta ikon shiga shaguna ta gwada kaya, ta kuma ƙwace duk wanda aka yi wa algus. A 1503 majalisar dokoki ta wajabta wa kowane maƙeri ya buga tambarinsa a jikin abin da ya ƙera, domin in an kama ha'inci a san wuyan wanda za a riƙe. Tambarin da ke gindin moɗar kakana jikan wannan doka ne. Asalinsa alkawari ne tsakanin maƙeri da mai saye, cewa ga sunana, in na cuce ka ka neme ni.

Wani limamin coci mai suna William Harrison, a littafinsa na bayanin ƙasar Ingila da ya fara fitowa a 1577, ya ba da labarin cewa tsofaffin ƙauyensu suna lissafa sauye-sauyen da suka gani a rayuwarsu, kuma daga cikin manyansu akwai yadda faranti na fiyuta ya kori na katako daga gidajen manoma. Ya kuma bayyana cewa cikakken saiti shi ne manyan farantai 12, kwanoni 12, da ƙananan farantai 12, waɗanda ake jerawa a kan kanta domin baƙo ya gani. Da na karanta wannan sai na ji kamar ɗakin Kaka ake siffantawa. Mu ma akushi ne ya ba tasa wuri, tasa ta ba kwanon sha, kuma jeren ɗakin mace shi ne ajiyarta da mutuncinta: ana ganin arzikin iyayenta a yawansa, ana ganin tarbiyyarta a ƙyallinsa, in rana ta ɓaci kuma ta sauke ɗaya ta sayar. Matar manomi a Ingila ta ƙarni na 16 da ta ga Kaka a jajibirin Sallah, da ba ta bukaci tafinta ba.

Ko a wajen wanki ma hanyarsu ɗaya. Barorin gidajen Ingila suna dirje fiyuta da lallausan yashi, da ruwan toka, da wata ciyawa mai kaushi da ke fitowa a fadama, wadda saboda yawan amfani da ita a wannan aiki har aka sa mata sunan ƙarfen. A wurinsu faranti mai duhu abin kunya ne. Ba su damu da abin da gugar take ci ba, domin in faranti ya siranta ko ya huje, sai a kai wa maƙeri ya narka shi, ya zuba sabo, mai shi ya biya ladan aiki. Wannan ne ya sa kayan fiyuta na tsakiyar zamani suka yi ƙaranci a yau duk da yawan da aka ƙera. Yawancin waɗanda suka tsira, hatsari ne ya ɓoye su daga hannun mai guga da wutar maƙeri. Jirgin yaƙin Sarki Henry na Takwas mai suna Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka kuma ɗago shi a 1982, ya fito da farantai da tulunan fiyuta waɗanda laka ta adana fiye da shekara 400. Abin da tsabta ta cinye a doron ƙasa, taɓo ya kiyaye shi a ƙarƙashin teku.

A ƙarni na 18 kasuwar fiyuta ta fara ja da baya. Tangaran mai araha da gilashi suka cika gidaje, shan shayi ya yaɗu, kofin tangaran kuma ya fi dacewa da abin sha mai zafi. Sai dai birnin Shefild ya ba ƙarfen sabon numfashi. Wajen shekarar 1770 maƙeran can suka fara aiki da haɗin kuza da antimoni da jan ƙarfe ba tare da dalma ba, haɗin da ake iya murzawa ya zama falle, a kuma juya shi a kan inji ya zama buta ko kofi cikin sauri. Daga wannan zuriya moɗarmu ta fito. Irinta ce Turawa suke shan giyar sha'ir da ita a kulob, suke kuma bai wa juna kyauta ranar ban kwana.

To amma masana'anta ba ta haifar kuza. Haƙo ta ake yi. Yayin da ma'adinan Konwal suka fara gazawa a ƙarshen ƙarni na 19, idon 'yan kasuwa ya koma Malaya da Boliviya, daga baya kuma ya sauka a kan tsaunukan da aka haife ni. A nan tarihin moɗar ya haɗu da na gidanmu.

Tun kafin zuwan Turawa akwai masu narka kuza a ƙasar Hausa. A Ririwai da ke kudancin Kano, da kuma Ririwain Dalma ta ƙasar Bauchi, ana wanke baƙin yashin rafi, a narka shi da gawayi a cikin tanderun laka, a zuba ruwan ƙarfen a 'yan siraran ramuka da aka yi da tsinken ciyawa, ya fito kamar tsintsiya. Fatake suna ɗaukar waɗannan tsinkaye dami-dami zuwa kasuwanni masu nisa, inda ake yi wa tagulla rufi da su, ake kuma yin kayan ado. Sunan Ririwain Dalma kansa yana nuna cewa a bakin mutanen da, kalmar dalma ta haɗa har da narkakkiyar kuza, kamar yadda a yau muke kiran tukunyar alminiyam tukunyar dalma. A shekarun 1880 ma'aikatan kamfanin Neja da ke ciniki a kogin Binuwai suka ga tsinkayen a hannun fatake, suka fara tambayar inda ake samo su. A 1902 aka turo masu bincike, a 1903 kuma injiniya Henry Laws ya iso da rakiyar masu bindiga, ya kafa sansani a gefen tsaunin, daga baya ya sauka Naraguta kusa da Jos. Cikin 'yan shekaru filayen suka koma hannun kamfanonin waje ta hanyar lasisi, tanderun Ririwai suka mutu ɗaya bayan ɗaya, masu narkewa suka zama leburori a ƙasar da suka nuna wa duniya.

Da farko a kai ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso, a 1927 kuma babban layi daga Fatakwal ya haɗe da Jos. Ɗanyar kuza ake fitarwa, a kai ta matatar da ke kusa da Libaful a narka, domin sai a farkon shekarun 1960 aka buɗe matata a Makeri. Garuruwa irin Bukuru da Barikin Ladi suka cika da baƙi daga Kano da Katsina da Barno da Kudu, kowa da kwanon wankin yashinsa.

A 1942 Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Birtaniya, babbar rijiyar kuzar daular ta rufe ana tsakiyar yaƙi. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa hukumomin gargajiya adadin mutanen da kowace za ta kawo. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa zuwa ramukan Jos. A 1943 abin da aka haƙo ya haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Mutane da yawa sun mutu saboda sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cututtukan sansani, wasu kuma suka gudu cikin dare. Kakana yana cikin waɗanda aka ɗebo daga wani ƙauyen ƙasar Katsina, yana saurayin da gemu bai fito masa ba. A gidanmu ana kiran wannan lokaci ɗiban gwamna. Kaka ta ce har ya rasu ba ya kwana babu wuta a ɗaki lokacin hunturu, kuma ba ya son a tambaye shi dalili.

Da aka sallame su bai koma gida ba, domin ya sami labarin babu wanda zai tarar. Ya zama yaron kuku a gidan wani Baturen ma'adinai, daga baya ya zama kukun da kansa. Aikinsa ne ya wanke moɗar nan duk dare bayan maigidan ya gama sha. Lokacin da Baturen zai koma ƙasarsu a shekarun 1970, sai ya miƙa masa ita a matsayin sallama. Kakana ya kawo ta gida, ya sa aka wanke ta sau bakwai saboda abin da aka sha da ita, ya ba matarsa ta ɗora a jere. Bai daɗe da rasuwa ba kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, manyan kamfanoni suka tattara, suka bar mana tuddan jar ƙasa da kududdufai masu zurfi waɗanda har yau ake gargaɗin yara kada su kusance su.

Narkakken ƙarfe ba ya faɗin mahaifarsa. A matata kuzar Jos da ta Boliviya tukunya ɗaya suke shiga. Amma na san cewa a shekarun da ake buga irin wannan moɗa a Shefild, jiragen ruwa suna sauke yashin garinmu a Libaful. Tambarin gindinta ya ambaci birni, ya ambaci maƙeri. Dokar 1503 ba ta tanadi wuri domin sunan wanda ya tsaya cikin ruwan sanyi yana wanke yashi ba, ko na kukun da ya wanke ta, ko na matar da ta goge ta shekara hamsin.

Abin da na koya game da kula da ita kaɗan ne, kuma yawancinsa hani ne. Fiyuta ba ta tsatsa, ba ta kuma yin baƙi da sauri kamar azurfa. Iska ce take yi mata wani siririn lulluɓi mai duhu a hankali, wanda yake kare abin da ke ƙarƙashinsa, kuma masu tara kayan tarihi suna daraja wannan duhu fiye da ƙyalli. Wankinta ruwa ne mai ɗumi da sabulu marar kaifi da tattausan ƙyalle, a ɗauraye, a tsane ta nan take domin kada ruwa ya bar mata tabo. Toka da yashi da soson waya suna kankare ta, saboda ta fi su taushi. Tsamiya da lemon tsami, waɗanda suke fito da hasken tagulla, ita cin ta suke yi su bar mata ƙananan ramuka, haka ma in aka bar zoɓo ko kunun tsamiya ya kwana a cikinta. Ba a ɗora ta a wuta, ba a ajiye ta kusa da murhu. In ta lotse ba a buga ta da guduma a gida, domin wurin yakan tsage. In ana son ɗan haske, a shafa ta da busasshen ƙyalle ta fuska ɗaya, a tsallake wurin tambari.

Sai batun dalma, wanda ya fi duk sauran nauyi. Tsohuwar fiyuta mai dalma takan fi nauyi, ta fi duhu, kuma abu mai tsami yana iya jawo gubar ya shigar da ita cikin abin sha. Ido kaɗai ba ya raba mai dalma da marar ita, saboda haka ƙa'ida ita ce duk tsohon kayan da ba a gwada ba, a bar shi ya zama na kallo. Mu 'yan Arewa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. A 2010 aka gano cewa ƙurar duwatsun zinare masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara ta kashe yara fiye da 400. Ko da yake haɗin Shefild an san shi da rashin dalma, na ji daɗi da na tuna cewa taƙawar kakana ce ta hana kowa kai moɗar baki tun daga ranar da ta shigo.

Da jajibirin Sallah ta zagayo na kwashe duk wannan na faɗa wa Kaka, na roƙe ta a daina toka da yashi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wato ke boko ya koya miki cewa datti tarihi ne." Na ce, "Kaka, sunan da ke gindinta ya kusa ɓacewa." Ta ce, "Sunan wa? Na Malam?" Na ce a'a, na wanda ya ƙera ta ne. Ta ce, "To ni ina ruwana da shi? Shi sau ɗaya ya taɓa ta. Malam ya wanke ta shekara ashirin don wani, ni na wanke ta shekara hamsin don Malam."

Na rasa amsa, domin a makaranta an koya mini in nemi tarihi a inda aka yi rubutu, ita kuma tana nuna mini shi a inda rubutun ya shafe. Na karɓi moɗar na sake dubawa. A jikin mariƙin akwai wurin da ya siranta ya yi santsi, daidai inda babban yatsa yake sauka in an riƙe ta ana dirzawa. Na ɗora nawa yatsan, ya zauna daram. Ramin nan hannun kakana ne ya fara shi, na Kaka ya zurfafa shi, nawa ma yana ciki. Idan tambari shaida ne cewa wani ya ƙera, wannan shaida ce cewa wasu sun yi hidima, kuma babu wata takarda a duniya da ta rubuta ta. Amma gaskiya ta biyu tana nan ba ta gushe ba: bangon moɗar ya yi sirantar da in aka ci gaba da yashi shekara ashirin, zai huje, a rasa tambarin da ramin yatsan gaba ɗaya, kuma babu maƙerin da zai narka mana ita ya dawo da ko ɗaya daga cikinsu.

Wannan na faɗa mata, ba da harshen makaranta ba. Na ce, "Kaka, in ta huje, me zan nuna wa 'ya'yana?" Ta yi shiru tana juya ta a tafin hannunta. Can ta ce a kawo ruwan ɗumi da sabulu, ta kuma ciro wani tsohon kallabinta mai laushi daga ƙarƙashin matashi. Ita ta wanke ta da kanta a ranar, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka, ta tsane ta, ta miƙo mini in mayar saman jere.

Sallah biyu ke nan yashi bai taɓa ta ba. Ta fara yin duhu kaɗan, mai kama da hadarin farkon damina, kuma duk lokacin da baƙuwa ta shigo ta ɗaga kai ta dubi jeren, Kaka takan riga ta magana ta ce, "Ba ƙazanta ba ce, kishiyata ce ta hana."